Waiwaye: Yadda Alamar Kibau Uku Ta Kwantar wa Duniya Hankali Kan Sharar Roba

Sau biyu a jere taron ƙasashen duniya kan yarjejeniyar shawo kan sharar roba yana tashi baram-baram: a Busan ta Koriya ta Kudu a Disamban 2024, sannan a Jeneba a Agustan 2025. Wani ɓangare na son a rage yawan robar da ake ƙerawa tun daga tushe. Ɗaya ɓangaren na ganin a mai da hankali kan kwashe shara da sake sarrafa ta, a kuma ƙara wayar da kan jama'a. Wannan gardama ta girmi waɗannan tarukan da shekaru masu yawa.

An ƙera robar farko wadda gaba ɗayanta haɗin sinadari ce a 1907, aka gano sinadarin da ake yin leda da shi a Ingila a 1933, ledar zuba kaya irin ta yau kuma ta samu rajista a 1965. A 1950 robar da duniya ke samarwa a shekara ba ta wuce tan miliyan 2 ba. A 2019 ta kai tan miliyan 460. Jama'a kuwa ba barci suke yi ba. Ranar 22 ga Afrilun 1970 mutum kusan miliyan 20 suka fito a Amurka domin kare muhalli, a 1972 kuma Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi babban taronta na farko kan muhalli a Sitokholm. Ke nan damuwar ta daɗe a zukatan mutane. Abin dubawa shi ne inda aka karkatar da ita.

Ɗauki kowace gorar ruwa ka kifa ta. A gindinta za ka ga ƙaramar alwatika, sau da yawa ta kibau uku masu bin juna, da lamba a tsakiya. A 1988 aka fito da wannan tsari a Amurka, lamba 1 zuwa 7, domin masu tantance shara su san irin robar da ke hannunsu: 1 ita ce PET ta gorunan ruwa da lemo, 2 robar jarka mai kauri, 3 PVC ta bututun famfo, 4 leda mai laushi, 5 ta murafe da bokitai, 6 farin soso na shirya kaya, 7 kuwa duk abin da ya rage. Lambar suna ce kawai. Amma kibau ukun sun yi kama da tambarin sake sarrafa kaya da aka zana a 1970, don haka mai saye ya ɗauka alkawari ne cewa abin da ya jefar zai dawo sabo. Wanda ya damu da muhalli sai ya ware robarsa gefe guda, ya ga ya sauke nauyi.

Abin da ke faruwa a masana'antar sake sarrafawa daban ne. Ana niƙa gorunan su zama ɓarɓashi, a wanke da ruwan zafi da soda don cire gam da datti, sannan a zuba a tankin ruwa. Ɓarɓashin murfi yana tasowa sama domin bai kai ruwa nauyi ba, PET kuma ta nutse. A nan matsala take: PVC ita ma nutsewa take yi, nauyinsu kusan ɗaya ne, ruwa ba ya raba su. PET tana narkewa a wajen digiri 250, alhali kafin a kai wannan zafi PVC ta riga ta ƙone ta saki asid. Gora ɗaya ta PVC cikin dubbai ta isa ta ɓata tulin kaya, ya fito da launin ɗorawa da ɗigo-ɗigon baƙi, ya yi gautsi. Idan kuma ba a busar da ɓarɓashin sarai kafin narkarwa ba, danshin da ya rage yana tsinka zaren sinadarin, robar ta rasa ƙarfi.

Ko da komai ya tafi daidai, duk narkarwa tana rage wa roba ƙwari. Shi ya sa tsohuwar gora takan koma zaren tufafi ko darduma, daga nan kuma sai juji. Leda mai laushi tana nannaɗe ƙarfen injin tantancewa har a tsayar da aiki a yanke ta da wuƙa. Baƙar roba ba ta ganuwa ga na'urar da ke tantancewa da haske, saboda baƙin yana shanye hasken. Ƙananan ledojin da aka manna roba da siririn alminiyam a jikinsu kuwa, raba su ya fi kayan tsada. Kuma duk lokacin da farashin ɗanyen mai ya faɗi, sabuwar roba takan fi tsohuwar da aka wanke araha. A aikace lamba 1 da 2 ne suke da kasuwa mai ƙarfi. Wani nazari da aka wallafa a 2017 ya ƙiyasta cewa cikin tan biliyan 6.3 na sharar robar da aka tara zuwa 2015, kashi 9 cikin 100 kacal aka sake sarrafawa, aka ƙone kashi 12, saura kashi 79 suna juji ko sun watsu a ƙasa da ruwa. A 2013 aka sauya ƙa'idar alamar zuwa alwatika marar kibau, bayan shekara 25 tana gindin goruna.

Abin da ya rufe wannan giɓi tsawon shekaru shi ne jigilar shara ta teku. Daga 1992, kusan rabin sharar robar da ƙasashe suka fitar waje Sin ta nufa. Da ta rufe ƙofa a farkon 2018, kwantenoni suka karkata Malesiya da Tailan da Biyetnam, a wasu biranen kuma robar da mazauna suka ɓata lokaci suna warewa ta ƙare a juji ko a wuta.

Inda aka ga canji na zahiri, an haɗa wa'azi da wani abu da hannu ke taɓawa. Jamhuriyar Ayalan ta sa harajin santi 15 na kuɗin Yuro kan kowace leda a Maris na 2002, amfani da ita ya ragu da kusan kashi 90. A shekarar ce Bangaladash ta haramta siririyar leda, bayan an ga yadda ta toshe magudanan ruwa a lokutan ambaliya. Ruwanda ta bi sahu a 2008, Kenya a 2017. A Jamus mai sayen abin sha yana ajiye santi 25 kan kowace gorar da ake amfani da ita sau ɗaya, ya karɓi kuɗinsa idan ya mayar da ita. Fiye da kashi 90 na gorunan suna dawowa, kuma da yake ba su taɓa cuɗanya da sauran shara ba, ana iya mayar da su sababbin goruna.