Tayar da injin tsohuwar motar da ta daɗe a ajiye

Wannan aiki ne da makanikai ke yi wa motar da ta yi shekaru ba a kunna ta ba. A Damagaram motar kan iya zama Peugeot 404, wadda aka fara ƙerawa a Faransa a 1960, ko 504 da ta fito a 1968. Galibinsu motoci ne masu karbirato (mai haɗa esans da iska) da delko (mai raba wuta ga silinda), babu kwamfuta a cikinsu, shi ya sa garejin unguwa ma yana iya musu.

Kuskuren da ya fi tsada shi ne a ɗaura sabon batir a murza makulli. A tsawon zaman da motar ta yi, baƙin mai ya tsiyaye ya koma ƙasa, silinda ta bushe, zobban fistan kuma wataƙila tsatsa ta liƙe su. Demare, wato abin da ke juya inji in an murza makulli, zai fizge su da ƙarfi, zobe ya karye ya kankare bangon silinda. Saboda haka sai a cire buji huɗun nan, a zuba cokali biyu na baƙin mai gauraye da gazuwal a kowane rami, a bari kwana biyu ko uku. Daga nan a kama goron babban fulin gaba da sufana, a juya da hannu a hankali. In ya cije, a ƙara jiƙa shi har mako guda. In har yanzu ya ƙi, sai an buɗe kulas, wato murfin saman inji. A nan waɗannan Peugeot suna da tarko: hannun rigar silindarsu, wato bututun da fistan ke gudu a ciki, zarewa yake yi, kuma in aka juya inji bayan an cire kulas ba a danne shi ba, zai ɗaga, ruwa ya samu hanyar shiga mai.

Ana juye tsohon mai a zuba sabo, kusan lita 4, tare da sabon filta. In wanda ya fito ya yi fari-fari kamar koko, ruwa ya riga ya shiga.

Zafin bazara yana busar da esans ya bar danƙo mai warin fenti a tanki da karbirato. Shi ya sa ake jawo sabon esans daga jarka da tiyo, a bar tankin sai an wanke. Ƙananan ramukan karbirato da iska ake hure su, ba a tsokane su da waya, domin waya tana faɗaɗa su, motar ta koma shan mai. A leƙa gidan filtar iska kuma: ban da ƙurar hunturu, zanzaro yakan yi ginin laka a ciki, ɓera kuma ya tara tsumma ya ci wayoyi.

Wajen wuta, a goge bakin filatin na delko, wato ƙarafa biyun da ke haɗuwa su rabu don yanke wuta, a bar tazarar milimita 0.4, ta buji kuwa 0.6. Jerin wutar 1-3-4-2 ne, kuma a Peugeot silinda ta ɗaya tana ɓangaren akwatin giya, abin da ke rikita sabon yaro a gareji.

Kafin a mayar da buji, a buga demare na daƙiƙa 10, a huta, a sake, har fitilar baƙin mai ta mutu. Sannan a mayar, a cika radiyato, a tayar. Hayaƙi shuɗi na mintocin farko man da aka jiƙa ne yake ƙonewa. A bar injin a ƙaramar wuta ana duba allurar zafi da tiyon ruwa, don tsofaffi kan fashe da zarar sun ɗau zafi. Motar ba ta hawa kwalta sai an sauya ruwan birki da robobinsa.