Kwana a Mota Mai Ɗaki a Fotugal: Ina Dokar Awa 48 Take Aiki, Ina Ba Ta Yi?

Yawancin masu ba da hayar mota mai ɗaki a Lisbon da Porto da Faro hoto iri ɗaya suke tallata hajarsu da shi: mota a kan tudu, teku a ƙasa, ƙofa a buɗe, rana na faɗuwa. Amma wanda ya kwana a irin wannan wuri, ba mamaki 'yan sanda ne za su tashe shi da asuba, su miƙa masa takardar tarar Yuro 120 zuwa 600. Motar tasa ba haram ba ce, barci a cikinta ma ba laifi ba ne. Wurin da ya zaɓa ne ya jawo masa.

Motar da ake magana a kanta ita ce mai gado da wurin girki da tankin ruwa, sau da yawa har da bayan gida, wadda mutanen Fotugal ke kira autocaravana. Shekara da shekaru mazauna yankin Algarve da ke kudu da na gaɓar kudu maso yammacin ƙasar suna kuka da masu irin waɗannan motoci: a zo a yi sansani a bakin teku mako guda, a tattake tuddan yashi, a bar shara, a zubar da tankin bayan gida a cikin ciyayi. Da cutar korona ta zo a 2020, mutane suka guji otal, motocin suka ƙara yawa. A Disambar shekarar gwamnati ta fitar da doka mai lamba 102-B/2020, ta ƙara sashe na 50-A a kundin dokokin hanya, ya fara aiki a Janairun 2021. Sashen ya zo da zafi: ba kwana a mota mai ɗaki ko'ina a ƙasar sai inda aka ba da izini ƙarara. Ƙungiyoyin masu motocin suka ce an yi musu kuɗin goro, an haɗa mai tsabta da ƙazami. Majalisar Dokoki ta saurare su, ta sassauta da doka mai lamba 66/2021 a watan Agustan 2021. Ita ce ake aiki da ita.

Dokar ta raba ƙasar gida biyu. Gida na farko shi ne inda kwana ya haramta, sai fa a wurin da aka keɓe don haka. Wurare iri uku ne: yankunan da ke cikin tsarin Natura 2000 na Tarayyar Turai, wanda aka kafa don kare tsuntsaye da tsirrai da mazauninsu; gandayen da ƙasar da kanta ta killace; da kuma yankunan da tsare-tsaren kula da gaɓar teku suka shafa. Gida na biyu shi ne sauran ƙasar. A can kana iya kwana har awa 48 a cikin ƙaramar hukuma ɗaya, matuƙar hukumar ba ta yi tata dokar ba. Idan kuma wurin an ware shi musamman don kwanan motoci, wannan iyaka ta awa 48 ba ta hau kanka ba, ƙa'idar wurin ce za ka bi.

A takarda wannan sassauci ne babba. A kan hanya bai kai yadda ake zato ba, domin gida na farkon shi ne ainihin inda kowa ke son zuwa. Natura 2000 kaɗai ya ci kusan kashi ɗaya cikin biyar na ƙasar. Gandun Sudoeste Alentejano e Costa Vicentina ya miƙe a bakin teku fiye da kilomita 100, tun daga kudancin Sines har ya zagayo Sagres. Ria Formosa da ke gaban Faro killatacce ne, Sintra-Cascais haka, Arrábida haka, tsaunukan Serra da Estrela da Peneda-Gerês ma haka. In ka haɗa da tsare-tsaren gaɓar teku, ka iya ɗauka cewa duk inda kake jin ƙarar igiyar ruwa daga kan gadonka, awa 48 ba ta aiki a nan. Inda take aiki da gaske shi ne ƙauyukan cikin ƙasa, a Alentejo da Beiras da Trás-os-Montes, su ma in ba a cikin wani gandu suke ba.

A nan ne nake ganin raunin dokar. Iyakar Natura 2000 ba katanga ba ce, ba kuma ko'ina ake kafa mata allo a bakin hanya ba. Baƙo yana iya tsayawa a filin da bai ga alamar hani ba ko ɗaya, alhali yana tsakiyar yankin da aka kare. Dokar ta ɗora wa direba nauyin sani. Taswirar yankunan tana hannun hukumar kula da gandaye da dazuzzuka ta ICNF, kuma ita ya kamata a duba, ba manhajojin waya da matafiya ke saka wuraren da suka taɓa kwana ba. Don wani ya kwana lafiya a wuri bara, ba shi ya halatta wurin ba. Wataƙila dai ranar ba a zo sintiri ba ne.

To, mene ne kwana a idon doka? Kasancewar motar a inda aka ajiye ta, da mutane a cikinta, tsakanin ƙarfe 10 na dare da ƙarfe 7 na safe. Dokar farko daga ƙarfe 9 ta fara lissafi, gyaran ya ƙara awa ɗaya. Saboda haka da rana kana iya ajiye motarka a wurin da aka yarda a ajiye motoci, ka je ka yi wanka a teku, ka ci abinci, ka dawo. In wurin yana cikin yankin da aka kare, kafin goma ta buga ka tashi.

Akwai kuma wani abu dabam da mutane ke ruɗewa a kansa, kuma shi ba ruwansa da dare ko rana. Ajiye mota dabam, kafa sansani dabam. Muddin komai naka yana cikin motar, ajiye ta ka yi kamar kowane direba. Da zarar ka cinye wurin da ya wuce jikin motar, ka buɗe rumfa, ka fito da tebur da kujeru, ka shanya wanki a igiya, ka kunna murhu a ƙasa, to ka shiga abin da doka ta hana a kan titi da filin jama'a. Ma'aunin da jami'i zai yi amfani da shi mai sauƙi ne: zai zagaya motar ya ga ko wani abu ya fito waje. Italiya ma kusan haka take aunawa a sashe na 185 na dokar hanyarta, inda ta ce motar ta tsaya a kan tayoyinta kawai, kada ta zubar da komai, kada ta ci wurin da ya fi girmanta.

Zubar da ruwan ƙazanta shi ne laifin da ya fi ɓata wa mutanen gari rai, kuma da gaskiyarsu. Ruwan wanke-wanke da na wanka da abin da ke tankin bayan gida ba a juye su a kwata ko gindin bishiya. Wurinsu shi ne tashoshin hidimar motoci masu ɗaki, waɗanda ake taƙaita sunansu da ASA. A can ake juye ƙazanta, a cika tankin ruwa, wasu har da lantarki, kuma a kwana. Iyakar zama a ASA awa 72 ce. Wasu na ƙananan hukumomi ne, kyauta ko da 'yan kuɗi kaɗan, wasu na 'yan kasuwa. Bayansu sai sansanonin 'yan yawon buɗe ido masu lasisi. A gaɓar teku, waɗannan biyun su ne mafita, kuma a watannin Yuli da Agusta suna cika da wuri.

Wani sharaɗi da ake yawan tsallakewa: sassaucin awa 48 an rubuta shi ne don motar da aka amince da ita a hukumance a matsayin mota mai ɗaki, kuma hukumar sufuri ta IMT ce mai wannan rajista. Motar ɗaukar kaya da aka jefa wa katifa a baya ba ta zama mai ɗaki don haka kawai ba. Wanda zai ɗauki hayar mota ya buɗe takardunta tun a ofis ya ga da wane suna aka yi mata rajista. Ya duba nauyi kuma: lasisin tuƙi na ƙaramar mota, rukunin B, galibi iyakarsa kilo 3,500 ne, da mutane da ruwa da kaya duka.

Tarar kwana ba bisa ƙa'ida ba Yuro 60 zuwa 300 ce a wuraren da ba a kare ba, ta ninka zuwa 120 zuwa 600 a yankunan da aka kare. Wanda ya amince ya biya nan take, mafi ƙarancin kuɗin yake biya. Masu kamawa su ne jandarmomin GNR a karkara, 'yan sandan PSP a birane, da 'yan sandan ruwa a bakin teku.

Saura ƙananan hukumomi. Guda 278 ne a babban yankin ƙasar, ban da na tsibiran Madeira da Azores, kuma kowacce tana da ikon yin tata ƙa'idar. Wata za ta hana kwana a duk faɗin garin sai a ASA, maƙwabciyarta ta ware fili kusa da kasuwa don ta jawo baƙi su sayi burodi da cuku. Awa 48 ɗin ma da ƙaramar hukuma ake lissafa ta, ba da wurin ajiye mota ba, don haka matsawa daga wannan layi zuwa wancan a gari ɗaya ba ya sabunta lissafin. In ka shiga gari da yamma ba ka ga allo ba, ofishin yawon buɗe ido na garin ko caji ofis na GNR za su gaya maka inda ake kwana.