Matsin Tattalin Arziki da Kuɗin Fansho: Tambayoyin da 'Yan Fansho Ke Yi a Abuja

Yawancin ma'aikatan tarayya da suka yi ritaya a Abuja ba a Maitama ko Asokoro suke zaune ba. Suna Kubwa, Nyanya, Mararraba, Gwagwalada da Suleja, kuma da yawansu har yau gidan haya suke ciki. Tun daga 2023 kusan tambayoyi iri ɗaya suke maimaitawa.

Shin gwamnati tana rage kuɗin fansho idan tattalin arziki ya karye?

A wasu ƙasashe an yi hakan ƙiri-ƙiri. Girka ta zabtare fansho sau da dama daga 2010 domin cika sharuɗɗan masu ba ta bashi. A Najeriya kuwa sashe na 173 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya kare haƙƙin fansho na ma'aikacin tarayya, har ya ce a riƙa sake duba shi duk shekara 5, ko duk lokacin da aka sake duba albashi. Saboda haka adadin da ke shigowa asusu bai cika raguwa ba. Darajarsa ce ke zubewa.

Bayan cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu 2023 da sakin Naira kasuwa ta yanke darajarta a watan Yuni na shekarar, Dala ta tashi daga kimanin Naira 460 a farashin gwamnati zuwa sama da 1,500 a 2024, kuma hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a Disambar 2024. Wanda yake karɓar Naira 100,000 a wata, da yana riƙe da kusan Dala 217, sai ya koma bai kai Dala 70 ba. Ana ganin wannan ƙarara a kantin magani: dattijo ya miƙa tsohon kwalin maganin hawan jini, a faɗa masa farashi, ya yi shiru, sannan ya ce a yanko masa na kwana goma, sauran sai alat ya shigo.

Tsohon tsari da sabon tsari, wanne ya fi jin jiki?

Kowanne da inda yake masa ciwo. A tsohon tsari gwamnati ce ke biya kai tsaye daga kasafin kuɗi, kuma hukumar PTAD ce ke kula da 'yan fanshon tarayya da ke cikinsa. Rayuwarsu a ɗaure take da aljihun gwamnati. Lokacin da gangar ɗanyen mai ta faɗo daga sama da Dala 100 a 2014 zuwa ƙasa da 30 a farkon 2016, kason da ake raba wa gwamnatin tarayya da jihohi duk wata ya ragu, jihohi da dama suka kasa biyan albashi, har gwamnatin tarayya ta ba su bashin ceto a 2015. Inda albashi ya gagara, fansho da giratuti su ne ake turawa ƙarshen layi, domin ɗan fansho ba shi da aikin da zai ajiye ya tafi yajin aiki.

Sabon tsarin ya zo da dokar 2004 a zamanin Obasanjo, aka sake ta a 2014. A yanzu ma'aikaci yana zuba aƙalla kashi 8 cikin ɗari, mai aikin ya zuba kashi 10, a asusun da ke ɗauke da sunan ma'aikacin, ƙarƙashin sa idon PenCom, hukumar kula da fansho ta ƙasa. Nan ba a yi wa kowa alkawarin wani adadi ba. Abin da ka tara, da ribar da ya haifa, shi za ka ci. Idan kamfani ya shiga matsi ya daina zuba kuɗin, ko ya cire daga albashi amma ya riƙe, ma'aikacin ne ke asara, sau da yawa kuma ba ya ganewa sai ya nemi bayanin asusunsa.

Kuɗin da ke cikin asusun zai iya salwanta?

Dokar ta raba aikin gida biyu: kamfanin da ke juya kuɗin daban, wanda ke ajiye su daban, don haka rushewar kamfani ɗaya ba ta nufin kuɗin sun tafi. Haɗarin yana wani wuri. Dukiyar fansho ta haura Naira tiriliyan 22 a ƙarshen 2024, kuma fiye da rabinta bashi ne da aka bai wa gwamnatin tarayya ta hanyar sayen takardun lamuninta. A ƙarshen 2020 ruwan da ake biya a kan takardun baitulmali na gajeren zango ya sauka ƙasa da kashi 1 cikin ɗari, alhali farashin kaya yana hawa da fiye da kashi 14. Asusu yana ƙaruwa a takarda, amma mudun shinkafar da zai iya saya yana raguwa. Abin da ya faru a Ghana ma ya isa jan kunne: da gwamnati ta nemi sake tsarin bashinta na cikin gida a ƙarshen 2022, sai da ƙungiyoyin ƙwadago suka yi barazanar yajin aiki kafin a tsame asusun fansho daga shirin.

Me ya sa wasu ke jira watanni bayan ritaya ba su ga ko sisi ba?

Wannan ya fi shafar waɗanda suka fara aiki kafin 2004. Haƙƙinsu na shekarun da suka yi a tsohon tsari bashi ne a wuyan gwamnati, kuma bisa al'ada sai ta biya shi a haɗa da abin da ke asusu kafin a fara biyan mutum. Idan kuɗi suka yi ƙaranci, sakin wannan kaso yakan makara. A 2025 gwamnatin tarayya ta amince da karɓo bashin Naira biliyan 758 domin biyan basussukan fansho da suka taru, kuma girman adadin kaɗai ya nuna tsawon lokacin da aka bar abin yana taruwa.

A ganina jinkiri shi ne mafi munin ragi, don ba a kiransa da sunansa. Giratutin da zai iya gina ɗaki biyu a Kuje lokacin da ya kamata a biya shi, idan ya zo bayan shekara biyu da ƙyar ya kai ginin linta. Mutum ya ba ƙasa shekara 35 na ƙuruciyarsa, bai dace ya ƙare da bin ofis-ofis da fayil a hamata yana cin bashin kuɗin mota ba.

Wanda ya rasa aikinsa fa?

Najeriya ba ta da alawus na marasa aikin yi. Dokar 2014 ta yarda wanda bai kai shekara 50 ba, ya kuma yi wata 4 bai samu wani aiki ba, ya ciri kashi 25 cikin ɗari na asusunsa. Yana fitar da mutum kunyar mai gida da kuɗin makaranta, sai dai guzurin tsufa ne aka taɓa tun tafiya ba ta yi nisa ba.

Tallafin da gwamnati ke bai wa talakawa ba ya cike giɓin?

Bai kai ba. Shirin da aka fara a zamanin Buhari ya riƙa bai wa gidaje marasa ƙarfi Naira 5,000 a wata. A Oktoban 2023 Shugaba Tinubu ya ƙaddamar da na Naira 25,000 a wata har wata 3 ga gidaje miliyan 15, amma a Janairun 2024 aka dakatar da shirye-shiryen tallafin saboda binciken almundahana, kafin daga baya a ci gaba da biya. Matsalar ita ce masu buƙata suna ƙaruwa a daidai lokacin da baitulmali ke ramewa, kuma irin wannan tallafi ba haƙƙi ba ne da mutum zai tsaya ya nema kamar fansho.

To waɗanda ba su taɓa aikin albashi ba?

Su ne mafi yawa: mai shayi, tela, ɗan acaɓa, mai sayar da tumatir a kasuwar Wuse. An buɗe musu tsarin ƙaramin fansho a 2019, inda mutum ke zuba abin da ya sawwaƙa, amma wanda cinikin yini bai ishe shi cefane ba, da wuya ya ajiye na shekara ashirin masu zuwa. Fanshonsu na gaskiya 'ya'ya ne da dangi da zakka. Shi ma wannan matsin ya taɓa shi, domin ɗan da ke Nyanya yana aika wa mahaifiyarsa kuɗi gida duk ƙarshen wata, yanzu kuɗin motar zuwa aiki a Sakatariyar Tarayya da dawowa ya cinye abin da yake aikawa. A gidaje da yawa ma lamarin ya juya: fanshon tsohon ne ke ciyar da ɗan da ya gama jami'a bai samu aiki ba, har da jikoki.