Kafin ki tare a bukkar gona da goyo

Da zarar gero ya nuna, sai unguwa ta yi shiru. Masu gona mai nisa sun ɗora tukunya da tabarma a amalanke, an tafi zaman bukka sai an gama girbi. Mu a asibiti ba sai an faɗa mana ba: layin rigakafi ya ragu, bayan sati biyu ko uku kuma a fara shigo mana da yara a kan babur, jiki ya riga ya yi tsanani.

Ba zan ce kada a je ba. Wanda bai tsare gonarsa ba, tsuntsu da dabba ne za su ci wahalarsa ta shekara. Ciwon da ke kama yaro a bukka ma shi ne dai na gida, zazzaɓi da gudawa da tari. Nisa ne ya bambanta su. A gida minti goma kin isa wurinmu, a gona kuwa sai an jira gari ya waye, sannan a nemi mai babur.

Sauro ne na farko. Ƙarshen damina ne lokacin da zazzaɓin cizon sauro ya fi kwantar da yara, bukka kuma ko'ina ƙofa ce. Ki tafi da gidan sauro mai magani, a ɗaure shi a sandunan bukka, a cusa bakinsa ƙarƙashin tabarma ta kowane gefe. Na sha ganin sabon gidan sauro an kewaye yabanyar tumatir da shi, jariri kuma yana kwance a fili. Wannan yana ba ni haushi, ba zan ɓoye ba. Sai maganin rigakafin da ake bi gida-gida ana ba yara daga wata 3 zuwa wata 59, sau ɗaya a wata tun daga shigowar damina har wajen Oktoba. Na kwana uku ne: masu rabo su ba da na ranar farko a gabansu, ke ki ba da na rana ta biyu da ta uku. Ba za su bi ki daji ba. Ki tambayi ranar zagaye na gaba kafin ki tashi, ki dawo da yaran ranar, katin rigakafi a hannu.

Jaririn da bai kai wata 6 ba, nono kawai, ko rana ta kai yaya. Kakarsa za ta ce, "'Yar nan, ba shi ruwa mana, ƙishi yake ji." Ki ce, "Inna, bari in ƙara masa nono," ke kuma ki sha ruwan. Na yaran da suka fara cin abinci, a tafasa, a zuba a jarka mai murfi. Saboda gudawa, ki riƙe ƙullin ORS (garin haɗa ruwan gishiri da sukari) uku ko huɗu da ƙwayar zinc. A haɗa ORS ɗin da adadin ruwan da aka rubuta a jikin takardar, abin da ya kai awa 24 a zubar, zinc kuma a ci gaba da bayarwa kwana 10 zuwa 14 ko da gudawar ta tsaya.

Amma wanda ya fi tayar mini da hankali shi ne mai rarrafe da mai tatata. Jariri yana bayanki, kin san inda yake. Shi kuwa ɗan shekara ɗaya da rabi an ajiye shi a kan buhu a gindin bishiya, an ce yayarsa mai shekara biyar ta kula da shi, ita ma wasa ya ɗauke ta. A taku biyar akwai murhu da garwashi, ga bokitin ruwa a buɗe, ga robar lemo da aka zuba ragowar maganin feshi ko kananzir a ciki. Shi lemo ya sani. Maigida, wannan naka ne: a rataye maganin feshi can sama, nesa da abinci, kuma robarsa ba ta zama ta ruwan sha ko an wanke ta sau goma. Idan yaro ya sha, kada a ɗura masa manja ko madara, kada a sa shi amai. A ɗauko shi tare da robar, mu ga abin da ya sha.

A share kewayen bukka, a nisanta damin gero da wurin kwana, domin hatsi na kiran ɓera, ɓera na kiran maciji. Kububuwa ba ta da girma, launinta kuma irin na ƙasa ne. Ba banza ba asibitin masu saran maciji na Kaltungo a jihar Gombe ke cika lokacin aikin gona. In tsautsayi ya faɗa, ba ɗauri, ba tsaga, ba tsotsa. A hana wurin motsi, a saɓi yaron zuwa asibiti. Zani da takalmi a kakkaɓe kafin a sa, saboda kunama.

Masu kaiwa yankan shinkafa da dawa kuma sanyin asuba zai same su. Hula da safa sun fi hura wuta a cikin bukka, hayaƙi ke jawo wa yaro ciwon haƙarƙari.

Tun kafin a tafi, maigida ya karɓi lambar mai babur biyu, ya san inda ake samun sabis a gonar. Yaron da ya ƙi kama nono, ko yake amayar da komai, ko ya yi jijjiga, ko ake tashinsa ba ya farkawa sosai, ko ƙasan ƙirjinsa ke lotsawa in ya ja numfashi, ba a jira da shi sai safe. Haka jaririn da bai kai wata 2 ba in jikinsa ya yi zafi. A kira mai babur a daren.