Ƙa'idojin Karɓuwar Addu'a a Addinin Kirista

Ƙa'idojin karɓuwar addu'a su ne sharuɗɗan da Littafi Mai Tsarki ya gindaya wa mai roƙon Allah domin a ji roƙonsa. Ba a jera su wuri ɗaya ba. A warwatse suke cikin Zabura da koyarwar Yesu Almasihu da wasiƙun manzanni, malaman ikkilisiya ne suka tattaro su, shi ya sa adadinsu yakan bambanta daga malami zuwa malami. Abin da ɗarikun Kirista suka haɗu a kansa shi ne, yawancin sharuɗɗan sun shafi halin mai addu'ar ne, ba tsawon addu'ar ko ƙarfin muryarsa ba.

Yadda koyarwar ta shigo Hausa

A ƙasar Zazzau tarihin wannan koyarwa yana haɗe da Wusasa. Dokta Walter Miller na ƙungiyar mishan ta CMS ya zauna a cikin birnin Zariya daga 1905, sannan a 1929 aka mayar da mishan ɗin Wusasa, inda majami'ar Bartalamawas Mai Tsarki, ginin ƙasa irin na Hausa, take tsaye har yau. A 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, aikin da Miller ya taka babbar rawa a cikinsa. Masu fassarar sun yi amfani da kalmomin da Bahaushe ya riga ya sani: Allah, Ubangiji, addu'a, tuba, gafara, azumi, amin. Inda maƙwabcinsa Musulmi zai ce imani, Kirista yakan ce bangaskiya, wato ba da gaskiya, kalmar da ta yi daidai da ma'anar, domin tana nuna amincewa da maganar wani.

Bangaskiya da sunan Yesu

Bangaskiya ce ake fara ambata. A Markus 11:24 Yesu ya umarci almajiransa su gaskata sun samu abin da suka roƙa, Yakubu kuma ya kwatanta mai shakka da raƙuman ruwan teku da iska ke kaɗawa (Yakubu 1:6). Roƙo cikin sunan Yesu ya samo asali daga Yahaya 14:13-14, dalilin da ya sa kusan kowace addu'a, a Wusasa ko Sabon Gari ko Samaru, ake rufe ta da "cikin sunan Yesu", jama'a su amsa "Amin". Malaman tauhidi suna jan kunne cewa sunan ba laya ba ne. Ɗan aiken sarki yana magana da sunan sarki, amma ba shi da ikon faɗin abin da ba a aike shi da shi ba.

Tuba da yafe wa juna

Nan ne sharaɗin da ya fi nauyi, kuma shi ne aka fi saurin tsallakewa a wa'azi. Zabura 66:18 ta ce wanda ya riƙe mugunta a zuciyarsa Ubangiji ba zai saurare shi ba. Yesu ya ƙara tsananta zancen. A Markus 11:25, aya ɗaya tak bayan alkawarin bangaskiya, ya ce mai tsayuwa yin addu'a ya fara yafe wa duk wanda yake riƙe da shi a zuci. A Matiyu 5:23-24 kuma ya ce wanda ya kawo baiko, ya tuna ɗan'uwansa yana da ƙara a kansa, to ya ajiye baikon a gaban bagade, ya je su shirya tukuna. Addu'ar Ubangiji, wato addu'ar da Yesu ya koya wa almajiransa, wadda yara ke haddacewa tun suna makarantar Lahadi, ta ɗaure gafarar da mutum ke nema da wadda yake yi wa wasu. Har zaman aure bai tsira ba: 1 Bitrus 3:7 ta gargaɗi maza su girmama matansu don kada addu'arsu ta toshe.

A garin da aka sha rikici, aka kuma ci gaba da cin kasuwa ɗaya, wannan ba ƙaramin umarni ba ne. Rikicin iyakar gona, gādo, bashin da aka hana, gabar da ta shekara tsakanin 'yan gida ɗaya, duk suna ƙarƙashinsa. Mutum zai iya kwana yana addu'a cikin jama'a, amma taka ƙafa zuwa zauren wanda suka ɓata ya gagare shi.

Tawali'u da naciya

Luka sura 18 ta kawo misalai biyu a jere. Na farko gwauruwa ce da ta yi ta zarya wurin alƙali marar tsoron Allah har ya gaji ya bi mata hakkinta. Na biyu Bafarisiye ne, wato ɗan wata ƙungiyar Yahudawa masu tsananta bin shari'a, da ya tsaya a Haikali yana lissafa azuminsa da zakkarsa, da mai karɓar haraji da ya tsaya nesa yana bugun ƙirji yana neman jinƙai, kuma mai karɓar harajin ne ya koma gida a karɓe. Matiyu 6:5-8 ta hana addu'ar riya da yawan maimaita magana, ta ce a shiga ɗaki a rufe ƙofa. Wannan bai soke addu'ar taro ba, tunda Matiyu 18:19-20 ta yi alkawari ga mutum biyu ko uku da suka taru. A kan haka ne addu'ar asuba da taron tsakiyar mako da na Zumuntar Mata suka ginu.

Nufin Allah da saɓanin fahimta

Wasiƙar 1 Yahaya 5:14 ta ɗaure sauraron addu'a da nufin Allah, Yakubu 4:3 kuma ta ce akan roƙa a rasa saboda mugun nufi. A nan ɗariku suke rabuwa. Wasu majami'un Fentikos suna ƙarfafa furta abin da ake so da cikakken tabbaci, har wasu masu wa'azi su haɗa samun amsa da yawan baiko. Angilikan da Katolika da ECWA da Baftis sun fi karkata ga miƙa roƙo tare da barin hukunci ga Allah. Hujjar waɗannan ta fi ƙarfi a nassi, kuma ta fi tausayi, domin ba ta ɗora wa uwar da ta rasa ɗanta laifin ƙarancin bangaskiya.

Sukan kafa hujja da mutum biyu da ba wanda zai tuhumi bangaskiyarsu. A lambun Getsamani, daren da aka kama shi, Yesu ya roƙa a ɗauke masa ƙoƙon wahala, ya ƙara da cewa a yi nufin Uba ba nasa ba (Luka 22:42), kuma ba a ɗauke ba. Manzo Bulus ya roƙa sau uku a raba shi da abin da ya kira ƙaya a jikinsa. Amsar da ya samu ita ce alherin Ubangiji ya ishe shi (2 Korantiyawa 12:7-9), ya kuma ci gaba da aikin bishara da ƙayar a jikinsa.