Don Allah ku daina gasa nama da katakon gini

Karo na huɗu ke nan cikin wata biyu da aka shigo mini da iyali guda asibiti, uwa da yara, wani lokacin har da maigidan, wannan ya dafe kai, wancan ya riƙe ciki. Idan na bi diddigi labarin ɗaya ne. An yi gashi a bayan gida da yamma, an ci an sha, an yi hira. Dare na yi ƙaramin ya fara amai, babban yana tari kamar ƙirjinsa zai tsage, uwar idonta ya yi jawur. Yanzu har na saba, kafin in tambayi irin naman sai in ce: da wane itace kuka hura wutar? Sai a yi tsit, a juya a kalli maigida. Sai ya sosa ƙeya ya ce, "Ai wasu guntayen katako ne da suka rage daga aikin rufi." Wani ya ce ƙafar tsohuwar kujera. Wani ƙyauren da aka cire, da fentinsa da komai. Wani kuma katakon ɗora kaya da ya tsinto a bayan sito.

Haba jama'a! Mutum ya zaɓo nama mai kyau, ya samo kifi sabo, ya jiƙa shi da kayan ƙamshi tun safe, sannan ya ɗauko tarkacen bola ya kunna a ƙarƙashinsa. Garin neman gira a rasa ido ke nan.

Na san amsar da za a ba ni, don na sha jin ta. "Wuta ai wuta ce." "Wuta tana cinye dafi." Wallahi ba ta cinyewa. Ƙwayar cuta wuta take kashewa, amma ƙarfe mai guba da ke cikin maganin katako da fenti ba ya ƙonewa. Ko dai ya bi hayaƙi ya sauka a kan namanku da cikin huhunku, ko ya zauna a toka yana jiran yaro mai rarrafe.

Ku dubi katakon nan mai ɗan launin kore-kore da ake yin shinge da dandamali da shi. An dirka masa magani ne da ƙarfi har cikin zuciyarsa don kada gara da ruɓa su ci shi. Maganin da aka daɗe ana amfani da shi, wanda ake kira CCA, haɗi ne na jan ƙarfe da kuromiyom da asenik. Asenik guba ce tsagwaronta. A Amurka an daina sa wannan magani a yawancin katakon amfanin gida tun ƙarshen shekarar 2003, amma katakon da aka riga aka yi yana nan tsaye a gidaje, kuma shi ne ake cirowa idan an yi gyara, shi ne kuma ke ƙarewa a murhu. In ya tsufa koren ma yana kodewa, ya koma toka-toka kamar kowane ice. Ba za ka gane shi da ido ba. Kyan ɗan maciji ne da shi: a bushe yake, yana kama wuta nan da nan, ba sai an wahala da faskare ba. Tokarsa kuwa tana da ɗanɗanon gishiri, shi ya sa shanu da sauran dabbobi suke lasarta su mutu. Abin da ke kayar da saniya, ina ga ɗan shekara biyu?

Fenti kuma fa? Tsohon fenti sau da yawa akwai dalma a ciki. Amurka ta hana fentin gida mai dalma a 1978, amma ƙasashe da yawa sun daɗe bayan haka ana sayar da shi, kuma tsohon ƙyaure ba ya zuwa da takardar haihuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗa ƙarara cewa babu wani adadin dalma a jini da aka san ba ya cutarwa. Dalmar nan ita ce ta fi ci mini rai, don sau da yawa ba ta sa amai ballantana a gudo wurinmu. A hankali take taɓa ƙwaƙwalwar yaro, karatu ya yi masa nauyi, a yi ta yi masa faɗa ana cewa ba ya mai da hankali. Mai juna biyu ma, abin da ya shiga jininta yana kai wa ga ɗan cikinta.

Katakon layin dogo da tsohuwar falwaya, waɗannan baƙaƙen masu warin kwalta, an jiƙa su ne da man kwalta mai suna kiriyozot. Allunan kabad da tebur na zamani, waɗanda garin katako ne ko siraran falle aka manne da gam, gam ɗinsu yana fitar da sinadarin nan da ke cikin fomalin, wanda ake adana gawa da shi, kuma masana ciwon daji na duniya sun sa shi a jerin abubuwan da aka tabbatar suna jawo kansa. Katakon ɗora kaya na sito da tashar jiragen ruwa yana da tambari a gefe. In ka ga MB, an yi masa feshin iskar guba don kashe ƙwari. In ka ga HT, zafi kawai aka ba shi. Kada wani ya ce to ai na HT ya halatta. Ka san abin da ya zube a kansa a yawonsa? Maganin ƙwari ne, batir ne, man inji ne? Ka bar shi.

Ni ba ina hana ku gashi ba ne, 'yan'uwa. Ina son gasasshen nama kamar kowa, kuma ina jin daɗi in ga uba ya tsaya a kan wuta yana juya wa iyalinsa abinci, yara suna zagaye da shi suna jiran yanka na farko. Irin wannan zaman yana gyara gida. Shi ya sa raina yake ɓaci in ga ya ƙare a gadon asibiti saboda guntun katako.

Kuma ice mai kyau ba wuya gare shi ba. Ƙa'idar gajera ce: ice mai tauri, daga bishiya kai tsaye, busasshe, wanda ba a taɓa shafa masa komai ba. Waɗanda suka ƙware a wannan sana'a suna zaɓen ice kamar yadda mai girki ke zaɓen kayan ƙamshi. Itatuwan 'ya'yan marmari, irin su tuffa da lemo da gwaba, hayaƙinsu mai sanyi ne da ɗan zaƙi-zaƙi, sun dace da kaza da kifi da jatan lande. A Amurka masu kyafa naman shanu sun fi son icen ok da na hikori, masu hayaƙi mai nauyi da ke tsaya wa jan nama. Icen meskit ya fi su duka ƙarfi, yana ci da zafi, in ka daɗe da shi naman ya yi ɗaci, don haka ya fi kyau ga gashin gaggawa. Kifin salmon kuwa tun zamanin da mutanen gaɓar arewa maso yammacin Amurka da icen alda suke kyafa shi, saboda sauƙin hayaƙinsa. Abin lura shi ne naman ruwa ba ya son hayaƙi mai yawa. Tsokarsa mai laushi ce, tana shan ƙamshi da wuri. To abin da ke shan ƙamshi da wuri haka yake shan guba da wuri. Wanda ya kyafa kifi awa shida a kan katakon fenti, ya san abin da ya tara a cikinsa?

Nan ne ma abin ya fi muni, wajen kyafa. Gashi na minti goma ne ko ashirin, iska tana kwashe rabin hayaƙin. Kyafa kuwa rufe naman ake yi da hayaƙi sa'o'i, da gangan, don ya shiga ko'ina. Duk abin da ke cikin icen nan sai ya shiga. Na taɓa zuwa wani gida duba yaro, uwar ta nuna mini gangar da mijinta ke kyafa kifi a ciki tana alfahari da ita. Na leƙa. Guntayen tsohon gado ne a ƙasa, man sheƙin kafinta yana ta narkewa yana kumfa. Gangar kanta da na karanta jikinta, ta sinadarin masana'anta ce. Na ce, "Baiwar Allah, tun yaushe kuke cin wannan?" Ta ce sun fi shekara. Mace ce mai tsafta, gidanta ƙal, ba ta barin yaranta su sha ruwan da ba ta yarda da shi ba. Ba wanda ya taɓa gaya mata, shi ke nan. Amma ku yanzu an gaya muku.

Ko a cikin icen bishiya akwai na gudu. Itatuwa masu ƙaro irin su fayin suna baƙin hayaƙi, su shafe nama da kunkunniya, su bar masa ɗaci. Ɗanyen ice haka, hayaƙi ba wuta. A sare, a faskara, a jera a inda iska ke ratsawa, wata shida zuwa shekara. Icen da ya yi funfuna a jefar. Furen ado da ake kira oliyanda, mai siraran ganye da fure ja ko fari, dafi ne daga saiwa har ganye kuma zuciya yake taɓawa: kada a ƙona shi, kada a feƙe reshensa a yi tsinken soka nama. Bishiyar da ba ka san sunanta ba, musamman mai fitar da farin ruwa kamar madara in an karya ta, ba ta shiga wutar abinci.

Hayaƙin kansa yana magana in za ku duba. Siriri mai ɗan shuɗi-shuɗi, wanda da ƙyar ake ganinsa, shi ake so. Fari mai kauri ko baƙi mai yaji a ido yana nufin wutar ba ta samun iska ko icen bai dace ba. Kuma ko da ice mai kyau ne, kitsen da ke ɗiga a garwashi yana tayar da hayaƙi mai sinadaran da ke jawo kansa, har Tarayyar Turai ta kafa iyaka a kan ɗayansu, benzofayirin, mikirogiram 2 (wato kashi biyu cikin miliyan na giram) a kowane kilo na kyafaffen nama da kifi. Ba ku da na'urar awo a gida, to ku rage abin da za ku iya ragewa.

Ga sauran a gurguje, don na san wasu sun fara gajiya da faɗana:

Kada a kunna wutar abinci da leda, roba, taya, tsumma, fetur ko baƙin mai. Ƙirare, busasshiyar ciyawa, farar takarda da mafici sun isa.
A jira harshen wuta ya kwanta, garwashi ya yi farar toka a sama, sannan a ɗora nama.
A rage kitse, a matsar da naman gefe in wuta ta tashi, a yanke wurin da ya ƙone ƙurmus a zubar.
Kaza sai zafin cikinta ya kai digiri 74 a ma'aunin Salsiyas, niƙaƙƙen nama 71, kifi 63. Hayaƙi yana sa baya ya yi kyau ciki kuwa ɗanye. Ma'aunin zafi na soka wa nama ƙaramin abu ne, ku nema.
Farantin ɗanyen nama daban, na gasasshe daban. Abin da ya rage kada ya wuce awa 2 a waje, a lokacin zafi awa 1.
Ko ruwan sama ake yi kada a shigar da murhun gawayi ɗaki, gareji ko tanti. Gawayi yana fitar da iska mai kisa, kuma ba ta da wari.

Sannan in sake maimaitawa, don wannan ce za ku manta: katakon gini, katakon fenti, kujera, gado, ƙyaure, kabad, falwaya, babu ɗayansu da zai shiga wutar abinci. Ko don tayar da wutar ne kawai. "Ai guntu ɗaya ne na sa don ta kama." Guntun nan ɗaya tokarsa tana cikin murhun har ƙarshen gashin. Iyaye mata, ku kuke ganin abin da ake tarawa a gefen katanga. In kun ga maigida ya nufi tarin nan, ku tare shi da daɗin baki, ku ce ma'aikatan lafiya sun hana. Ku ɗora laifin a kanmu, mun ɗauka.

Wanda ya riga ya ƙona irin wannan katako, kada ya zuba tokar a lambu ko gindin bishiya, kada ya bar ta inda yara da kaji da awaki ke kaiwa. A bari ta huce, a yayyafa mata ruwa don kada ta tashi, a sa safar hannu a kwashe cikin buhu mai kauri a ɗaure, a tambayi masu kula da shara na yankinku inda ake kai shara mai guba. A wanke murhun da ragar gashin sosai, in ragar ta yi kauri da datti a canza ta. Naman da aka kyafa da shi, na san da ciwo, a zubar, kuma kada a ba kare.

In bayan gashi wani ya fara amai ba ƙaƙƙautawa, gudawa, ciwon ciki mai tsanani, jiri, ruɗewa ko numfashi sama-sama, a fitar da shi iska a kawo shi asibiti a daren, kada a jira gari ya waye. In kun daɗe kuna ƙona katakon fenti kuma akwai ƙananan yara ko mai ciki a gidan, ku zo ko ba wanda ke ciwo, ku nemi a yi gwajin dalma a jini. In za ku taho ku ɗauko guntun katakon da bai ƙone ba a cikin leda, ko ku ɗauki hotonsa a waya, mu gani.