Shahararrun mutanen birnin Louisville

Louisville shi ne birni mafi girma a jihar Kentucky ta Amurka, yana bakin kogin Ohio ne, an kafa shi a 1778 aka sa masa sunan sarkin Faransa Louis na 16. Garin ya fitar da manyan mutane da dama amma gaskiya duk sunan Muhammad Ali ya danne su.

A nan aka haifi Ali ranar 17 ga Janairu 1942, sunansa na yanka Cassius Clay. Yana ɗan shekara 12 aka sace masa keke, ya je wajen wani ɗan sanda Joe Martin yana cika baki wai sai ya lakaɗa wa ɓarawon duka, shi kuma ya ce to ai sai ka fara koyon dambe tukuna, daga nan fa abin ya soma. Ya ci zinare a gasar Olamfik ta Rum a 1960, ya buge Sonny Liston a 1964 ya zama zakaran duniya, a shekarar ya bayyana musuluntarsa har ya zo Ghana da Najeriya. A 1967 ya ƙi shiga soja lokacin yaƙin Vietnam suka ƙwace kambunsa, sai a 1971 Kotun Ƙoli ta wanke shi. Garin da ya taso cikin wariyar launin fata shi ne daga baya ya sa wa titi sunansa a 1978, ko shi ma da ƙyar ƙuri'ar ta wuce, filin jirgin sama kuma sai 2019 bayan ya rasu. Ya rasu 3 ga Yuni 2016, aka yi masa sallar jana'iza a Louisville aka binne shi a maƙabartar Cave Hill.

A maƙabartar nan dai Kanal Harland Sanders mai kajin KFC yake kwance, duk da shi a Indiana aka haife shi. Cikin shahararrun mutanen garin kuma akwai Louis Brandeis, Bayahude na farko da ya zama alƙalin Kotun Ƙolin Amurka a 1916, da shugaban ƙasa na 12 Zachary Taylor da ya girma a gefen garin kuma can kabarinsa yake, sai jarumar fim Jennifer Lawrence haifaffiyar 1990. Shahararren mai ƙirƙire-ƙirƙire Thomas Edison ma ya taɓa aikin wayar tangaraho a garin yana saurayi, ya zubar da asid a ofis suka kore shi a 1867.